Kuɗin Yini Guda a Buenos Aires: Abin da Ya Sa Lissafin Bara Ba Ya Aiki Bana

Duk mai shirin zuwa Buenos Aires, babban birnin Ajantina, tambayarsa ta farko ita ce nawa zai riƙa kashewa a yini. Idan ya tambayi mutum biyu, ɗaya ya je a ƙarshen 2023, ɗaya ya je a farkon 2025, zai ji amsoshin da ba su haɗa hanya ba. Na farko zai ce garin araha ne, ya ci gasasshen naman sa kullum, ya hau tasi yadda ya ga dama, kuma ya dawo da sauran guzuri. Na biyu zai ce kuɗinsa sun narke tun bai yi rabin kwanakinsa ba. Babu maƙaryaci a cikinsu. Garin bai sauya ba, titunan ma su ne dai, kuɗin ƙasar ne ya sauya hali a tsakanin tafiyoyin biyu. Wanda bai fahimci yadda hakan ya faru ba, duk adadin da ya kwafa daga bakin wani zai yaudare shi.

Abu biyu ne ke yanke wa baƙo tsadar garin. Ɗaya shi ne yadda farashin kaya ke hawa da kuɗin ƙasar, wato peso. Ɗayan kuma shi ne peso nawa za a ba shi a kan dala ɗaya. Baƙo ya zo da dala, amma da peso zai sayi burodi, don haka tseren da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu shi ne ainihin kasafinsa. Idan dala ta fi farashin kaya gudu, garin ya yi masa araha. Idan farashin kaya ya tsere wa dala, ya shiga tsada ko da kuɗin aljihunsa ba su ragu da ko sisi ba.

A 2023 hauhawar farashi a Ajantina ta kai kashi 211.4 cikin ɗari, kamar yadda hukumar ƙididdiga ta ƙasar, INDEC, ta fitar. Mai karatu zai ɗauka a irin wannan shekara baƙo zai sha wuya. Akasin haka aka gani, saboda a lokacin akwai takunkumin sayen dala da 'yan ƙasar ke kira cepo, kalmar da ke nufin turu ko marin da ake sa wa ɗaurarre. An fara shi a 2011 zamanin shugabar ƙasa Cristina Fernández de Kirchner, magajinta Mauricio Macri ya cire shi a Disamba 2015, sannan ya dawo da shi a Satumba 2019, har aka ƙayyade wa mutum dala 200 kacal a wata. Da gwamnati ta hana mutane sayen dala a banki, sai suka koma kasuwar bayan fage, inda ake kiran farashin da dólar blue. A Oktoba 2023 farashin gwamnati yana wajen peso 350 a dala ɗaya, na bayan fage kuwa ya haura 1,000. A ce abinci ya kama peso 7,000 a wannan wata. Wanda ya canza kuɗinsa a farashin gwamnati ya biya dala 20 ke nan, wanda ya canza a bayan fage ya biya dala 7. Faranti ɗaya, teburi ɗaya.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya ga irin wannan rata tsakanin farashin Babban Banki da na 'yan canji kafin a haɗe farashin a Yuni 2023. A Buenos Aires ma harkar tana da mutanenta da kalmominta. A titin Florida da ke tsakiyar gari, masu neman ciniki na tsaye suna kiran "cambio, cambio", ana ce musu arbolitos, wato ƙananan bishiyoyi, shagunan ɓoye da suke kai mutum kuma ana kiransu cuevas, wato koguna. Ganin dalolin baƙi suna zurarewa ta can, gwamnati ta fito da tsari a ƙarshen 2022 wanda ya sa katin Visa ko Mastercard na ƙasar waje ya riƙa samun farashin da ake kira MEP, na kasuwar hannun jari, wanda ke kusa da na bayan fage. Wasu kuma sukan aika wa kansu kuɗi ta Western Union su karɓa da peso. Wannan zamani ne ya haifar da labarin arahar Buenos Aires da har yanzu ake yaɗawa.

Sai Javier Milei ya hau mulki ranar 10 ga Disamba 2023. Bayan kwana biyu ministan tattalin arziki, Luis Caputo, ya sanar da karya darajar peso, farashin gwamnati ya tashi daga wajen 366 zuwa 800 a dala. A wannan watan kaɗai kaya suka hau da kashi 25.5 cikin ɗari. Abin da ya biyo baya shi ne wanda ya kamata matafiyi ya zauna ya duba da kyau. A 2024 farashin kaya ya ƙaru da kashi 117.8 cikin ɗari, wato ya ninka har da ɗoriya. Dalar bayan fage kuwa daga wajen 1,000 ta motsa ne zuwa wajen 1,200 kawai. Idan aka yi lissafi, abin da baƙo ya saya da dala 10 a farkon shekarar ya koma kusan dala 18 a ƙarshenta. Shi ya sa a Janairu 2025, a ma'aunin da mujallar The Economist ke fitarwa, wanda ke kwatanta farashin Big Mac, burodin nama na kamfanin McDonald's, a ƙasashe daban-daban, Ajantina ta zo ta biyu a tsada a duniya, Suwizalan kaɗai ke gabanta. Ranar 14 ga Afrilu 2025, bayan yarjejeniyar bashin dala biliyan 20 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka cire wa ɗaiɗaikun mutane takunkumin, aka bar peso ya yi yawo tsakanin 1,000 da 1,400. Ratar da ke tsakanin farashin banki da na titi ta tsuke har ta zama ba ta taka kara ta karya ba.

A ganina wannan ya warware wata tambaya da mutane ke wahalar da kansu a kai. A 2023 wanda ya ƙi zuwa wurin 'yan canji, kuma ba shi da katin da ke samun farashin MEP, ya yi asarar wajen rabin kuɗinsa ko fiye. Idan ratar ba ta wuce kashi biyu ko uku ba, bin baƙon mutum zuwa bayan wani shago da damin dala a jiki ba shi da wata riba da ta kai haɗarinsa. Amma a ƙasar da aka sa takunkumi aka cire, aka sake sawa aka sake cirewa cikin shekara 14, ba a yanke hukunci tun daga gida. Jaridun La Nación, Clarín da Ámbito Financiero suna buga farashin kowane nau'in dala kullum. A duba su a makon tafiya, a kwatanta na banki, na MEP da na bayan fage, sannan a san ko kati za a dogara da shi ko tsabar kuɗi.

Wanda zai riƙe tsaba ya nemi takardun dala 100 sababbi, marasa yagewa ko rubutu. Tsofaffin takardu masu ƙaramin hoton Benjamin Franklin, waɗanda suke kira cara chica, 'yan canji sun saba rage musu daraja, duk da a Amurka darajarsu ɗaya da sababbin. Na'urar cire kuɗi kuma ita ce hanya mafi tsada, domin abin da take bari a cira a lokaci guda kaɗan ne, cajin da take yanka kuma babba ne, sai mutum ya tarar wani kaso mai tsoka na abin da ya cira ya tafi a caji. Kuma kar a canza kuɗi da yawa lokaci guda. A canza na kwana uku ko huɗu, domin peso da ya rage a hannu ranar komawa, da wuya a samu mai karɓarsa a wata ƙasa. Mai katin naira kuwa ya tabbatar daga bankinsa, tun kafin ya sayi tikiti, cewa katin yana aiki a waje da kuma iyakar abin da aka yarda ya kashe.

Yanzu ga kasafin kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki duk kuɗin tafiya a raba da yawan kwanaki, a ce ga na yini. Akwai kuɗaɗen da ba na yini ba ne, kuma su ne manya: tikitin jirgi, biza, inshorar lafiya, da kuɗin shiga gari daga filin jirgi. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma Ajantina tana da ofishin jakadanci a Abuja. Jirgin Ethiopian Airlines yana zuwa Buenos Aires daga Adis Ababa ta São Paulo tun 2018, Turkish Airlines ma yana bi ta São Paulo daga Istanbul. A Mayu 2025 gwamnati ta tsaurara dokar shige da fice, ta nemi baƙo ya shigo da inshorar lafiya, don haka wannan ya fita daga jerin abubuwan ganin dama. Babban filin jirgin, Ezeiza, yana da nisan kimanin kilomita 30 daga tsakiyar gari. Tasi daga can na iya cinye kuɗin abincin yini guda ko fiye, motocin kamfanin Tienda León sun fi sauƙi, bas mai lamba 8 ta fi kowa araha amma tana cin lokaci kuma ba ta karɓar tsabar kuɗi. A ware kuɗin zuwa da na komawa gefe guda, kar su shiga lissafin yini.

Masauki shi ne babban kaso na abin da ya rage, kuma a nan akwai wata doka da mutane da yawa ke tafka asara don rashin saninta. Harajin kaya da ayyuka a Ajantina, wanda suke kira IVA, kashi 21 ne cikin ɗari. Tun Janairu 2017 an yafe wa baƙon da ba mazaunin ƙasar ba wannan haraji a kan kuɗin ɗakin otal, da karin kumallo idan yana cikin kuɗin ɗakin, da sharaɗin ya nuna fasfo kuma ya biya da katin ƙasar waje ko ta turo kuɗi daga bankin waje. Wanda ya zaro tsaba ya biya, ya rasa wannan rangwame. Ɗakin dala 100 ya zama 121, a kwana goma dala 210 ta tafi a banza. Saboda haka ko da mutum ya zaɓi yin sauran harkokinsa da tsaba, kuɗin otal ya bi ta kati, kuma ya tambaya tun wurin kama ɗaki ko farashin da aka nuna masa da haraji ne ko babu. Akwai kuma ɗan harajin da gwamnatin birnin ke karɓa daga baƙi tun 2020, daga senti 50 zuwa dala ɗaya da rabi a kowane dare gwargwadon darajar masaukin.

Unguwa ma tana da tasiri. Birnin yana da unguwanni 48. Palermo, Recoleta da Puerto Madero su ne inda baƙi suka fi tururuwa, kuma komai ya fi tsada a can, har kofin shayi. Almagro, Caballito, Villa Crespo da Balvanera sun fi sauƙi, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ratsa su. Ni ina ganin ɗaki mai ɗan madafi a ɗaya daga cikin waɗannan, kusa da tasha, ya fi otal mai suna amfani ga wanda zai yi mako biyu, musamman idan Musulmi ne, saboda dalilin da zan zo kansa.

Zirga-zirga ita ce mafi sauƙin kaso, duk da ita ma ta tashi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, Subte, an buɗe shi a Disamba 1913, shi ne na farko a Latin Amurka, kuma yana da layuka shida: A, B, C, D, E da H. A Mayu 2024, da aka janye tallafi, kuɗin hawansa ya yi tsalle daga peso 125 zuwa 574 a rana ɗaya, misalin da ya isa ya nuna yadda adadin da aka rubuta wata uku baya ke zama tarihi. Motocin bas, colectivos, suna aiki dare da rana amma ba sa karɓar tsabar kuɗi. Katin SUBE ake sa wa kuɗi a riƙa taɓawa, shi ne na bas, na Subte da na jiragen ƙasa masu fita bayan gari. Katin da ba a yi wa rajista da sunan mai shi ba ana cajinsa fiye da mai rajista, kuma tun 2018 akwai rangwamen rabin kuɗi ga hawa na biyu idan an sauya mota cikin awa biyu. Daga ƙarshen 2024 ƙofofin Subte sun fara karɓar katin banki kai tsaye. Tasi baƙi da rawaya suna da mita, kuɗinsu na ƙaruwa da kashi 20 daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, ga kuma manhajojin kiran mota irin su Uber, Cabify da DiDi. Tasi biyu a yini na iya fin kuɗin bas na mako guda.

A wurin abinci ne kasafi ke tsayawa ko ya rushe. Farashin da ke rubuce a takardar gidan abinci ba shi ne ƙarshen magana ba. Gidaje da yawa suna ƙara cubierto, kuɗin zama da burodin da aka ajiye a teburi, a kan kowane mutum. Sannan ga tukuicin mai kawo abinci, wanda al'ada ta tsayar a wajen kashi 10 cikin ɗari. Wasu wuraren kuma suna rage wa mai biya da tsaba wani abu, kuma matambayi ba ya ɓata. Mutanen garin ba sa cin abincin dare sai wajen tara ko goma, kuma na daren ne mai tsada. Da rana, a ranakun aiki, gidajen abinci suna yin menú ejecutivo, abinci da abin sha a farashi ɗaya mai rangwame don ma'aikata. Wanda ya mai da babban cinsa na rana, ya yi na dare da abin da ya sayo a kanti, zai rage kaso mai yawa ba tare da ya ji yunwa ba. Kantunan Coto, Día da Carrefour suna ko'ina, ga ƙananan kantunan unguwa da 'yan asalin Sin ke riƙe da su, ga masu kayan lambu a kusan kowane layi. Ruwan famfon birnin ana shansa, don haka kuɗin ruwan gora bai zama dole ba.

Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi, kuma ban ga ana yawan faɗinsa ba. Abincin titi mafi araha a garin, choripán, tsiran nama ne a cikin burodi, kuma galibi da naman alade a ciki. Naman alade da aka yanka fale-fale yana shiga burodin cin rana, yana shiga wasu nau'in empanada, wato kwaɓin fulawa mai cika a ciki, har a saman soyayyen nama ana ɗora shi. Wanda ke kiyaye abin da yake ci ba zai mori mafi arahar abincin ba, sai ya koma ga empanada ta masara ko ta ganye, da fiza ta cuku, da taliya, da kifi, ko ya nemi gidajen abincin Larabawa, waɗanda ba a kowace unguwa suke ba. Garin yana da tsohuwar al'ummar 'yan asalin Siriya da Labanan. Akwai Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahd a Palermo, wadda aka buɗe a 2000, da masallacin Al Ahmad a unguwar San Cristóbal, kuma a waɗannan wurare ne ya fi dacewa a tambayi inda ake sayar da naman halal. Nama ɗanye daga mahauci ya fi na gidan abinci sauƙi nesa ba kusa ba, kuma nan ne ɗaki mai madafi ke biyan kuɗinsa.

Yawon buɗe ido kuwa yana da fuska biyu. Abubuwa da yawa kyauta ne: dandalin Plaza de Mayo da fadar shugaban ƙasa, Casa Rosada, a gabansa, kasuwar Lahadi ta San Telmo a titin Defensa, gandun Costanera Sur a bakin kogi, layin Caminito mai gidaje kala-kala a La Boca, da kantin littattafai na El Ateneo Grand Splendid da ke cikin tsohon gidan wasan kwaikwayo. Garin Tigre mai rassan kogi yana da tafiyar kimanin awa ɗaya a jirgin ƙasa daga tashar Retiro, da katin SUBE ɗin nan dai. A ɗaya ɓangaren, da yawa daga cikin wuraren da ake biya suna da farashi biyu, na ɗan ƙasa da na baƙo, kuma na baƙon ya ninka. Maƙabartar Recoleta, inda kabarin Eva Perón, matar tsohon shugaban ƙasa Juan Perón, yake, kyauta ce a da, tun 2022 baƙi ke biya. Zagayen gidan wasan kwaikwayo na Teatro Colón, wanda aka buɗe a 1908, shi ma farashi biyu gare shi. Mafi tsadar duka shi ne kallon ƙwallo. Masu sha'awar ganin Boca Juniors a filin La Bombonera su sani cewa kujerun na 'yan ƙungiya masu rajista ne, baƙo sai ta hannun dillalai, kuma wasa ɗaya na iya cin kasafin kwanaki. Tsallakawa garin Colonia del Sacramento a ƙasar Yurugai ta jirgin ruwa ma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Irin waɗannan a rubuta su daban, kowanne da kuɗinsa, tun daga gida.

To yaya za a fitar da adadin? A rubuta kasafin da dala, domin peso ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a auna da shi. A ce mutum yana da dala 1,500 bayan tikiti, biza da inshora, zai yi kwana goma. Ya cire kuɗin masauki gaba ɗaya, a ce 600. Ya cire na filin jirgi zuwa da komawa da layin waya, a ce 100. Ya cire na abubuwa biyu ko uku masu tsada da ya ƙudurta gani, a ce 150. Ya ware wajen 200 na ko-ta-kwana, saboda fizgen waya a kan babur abu ne sananne a garin, kuma farashi na iya motsawa yana can. Abin da ya rage, 450, shi ne ainihin kuɗin yini: dala 45 ta ci, sha da hawa mota. Waɗannan adadi misali ne na yadda ake rabon, kowa zai sa nasa.

Sauran aikin shi ne a gwada ko 45 ɗin za ta isa, kuma ana iya yin haka daga gida a makon tafiya. Manhajojin kai abinci na PedidosYa da Rappi suna nuna farashin gidajen abinci na ranar, shafukan Coto da Día suna nuna na shinkafa, ƙwai, madara da burodi, gwamnatin birnin tana wallafa kuɗin Subte. A tara kuɗin karin kumallo, abincin rana a waje, cefanen dare da hawa huɗu, a ƙara kashi 10 na tukuici a kan abincin waje, a raba da farashin dalar MEP na ranar. Idan abin da ya fito ya haura 45, sai a rage kwanaki ko a sauya unguwa tun kafin a biya kuɗin ɗaki. Idan kuma tsakanin lissafin da ranar tashi ya kai wata biyu, a sake shi daga farko, bayan an duba adadin hauhawar farashin da INDEC ke fitarwa a tsakiyar kowane wata.